Shaidar ƙwarewa: tazarar da ke tsakanin Abuja da Kona

A Kona, cikin ƙaramar hukumar Jalingo ta Jihar Taraba, ba a rasa magini ko mai walda da ya shekara ashirin yana sana'a, ya yaye yara, yana raba musu aiki yana riƙe lissafin kuɗi, amma ba shi da takarda ko guda da za ta shaida hakan. Ranar da gwamnati ta buɗe gurbin aiki, ba a ko ambatonsa.

Domin irinsa ne Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, ta buɗe ƙofar amincewa da ilimin da mutum ya riga ya samu, ƙarƙashin tsarin shaidar ƙwarewa na NSQF. Ba a ƙirga shekarun zaman aji. Mai tantancewa ne zai je ya ga aikin da idonsa, ya yi tambayoyi, ya duba ayyukan baya, sannan a ajiye mutum a matakin da ya cancanta. Masu sana'a a kasuwar Panteka ta Kaduna sun fara cin gajiyar wannan.

Sai dai Panteka a bakin ƙofar hukumar take, tunda hedikwatarta na Kaduna. Kona kuwa tafiyar yini ce a mota daga Abuja. Tsarin kacokan ya rataya ne a wuyan masu tantancewa. Muddin babu horarru a Jalingo, masu jin Hausa da harshen Jukunawan Kona, shaidar za ta faɗa hannun wanda ya iya cike fom da Turanci, ko mai abin biyan dillali, gwanin kuma ya tashi a tutar babu. Ya kamata NBTE ta horar da su a can, tare da kwalejin fasaha ta jihar.

Babban cikas ɗin ma yana cikin ma'aikatun tarayya. Jami'in da ke tace takardu digiri yake fara nema. Ƙudurin kawar da bambanci tsakanin HND da digiri, wanda Majalisar Tarayya ta amince da shi a 2021, bai samu sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba. Hatta wajen horar da manyan jami'ai, sau da yawa takardar halartar bita ake sakawa a fayil, ba a waiwayi ko shugabancin mutum ya gyaru ba.

Wajibi ne Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya umarci kowace ma'aikata ta riƙa bayyana matakin NSQF da take karɓa a cikin sanarwar ɗaukar aiki, ya kuma riƙa bibiyar waɗanda suka ƙi.