Raddi Ga Masu Cewa Hoto Kaɗai Ya Isa A Kankare Ƙashin Kwatangwalo

Tun da Reinhold Ganz, likitan ƙashi a Bern ta Suwizalan, ya bayyana a 2003 cewa gugar kan ƙashin cinya da bakin gurbinsa na iya cinye guringuntsi, wasu suka ɗauko wata fatawa: da zarar hoto ya nuna tudu a ƙashin, sai tiyata.

Hujjarsu ta farko wai hoto ba ya ƙarya. To, amma ba ya jin ciwo. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba abin da ke damun su ya sami tudun a kashi 37 cikin ɗari, a 'yan wasa ma fiye da rabi. Shi ya sa ƙwararrun da suka yi yarjejeniyar Warwick a 2016 suka gindaya sharaɗi uku: koken mara lafiya, gwajin likita, sannan hoto. Koken sananne ne, ciwo a matse-matsi in an daɗe a zaune ko an tsuguna. Likita kan kwantar da mutum rigingine, ya naɗe gwiwa zuwa ƙirji, ya karkato ta ciki ya murɗa. In shakka ta rage, a yi allurar kashe zafi cikin gaɓar a ga ko ciwon zai lafa. A ƙasar Hausa kuwa, inda sikila ta yawaita, dole a fara kawar da yiwuwar mutuwar kan ƙashin cinya.

Ta biyu, wai gashin ƙashi ɓata lokaci ne. Suna kafa hujja da gwajin da aka yi a Birtaniya kan mutum 348, wanda mujallar Lancet ta buga a 2018. Gaskiya ne waɗanda aka yi wa tiyatar kyamara sun fi samun sauƙi bayan shekara, da tazarar maki kusan 7 cikin 100. Abin da suke tsallakewa shi ne masu atisayen gashin ƙashi su ma sun samu sauƙi, ba tare da wuƙa ba.

Ta uku ta fi rauni: wai a kankare tun ba ciwo don rigakafin amosanin gaɓa. Babu gwajin da ya tabbatar da haka.

Tiyata tana da gurbinta, ga wanda sharuɗɗan uku suka cika a kansa, aka yi watanni ana atisaye ciwon bai saki ba.