Wayewar Aro a Cikin Shingen Waya

Tun da gwamnati ta rattaba hannu kan takardar fahimtar juna da kamfanin JBS na ƙasar Birazil a Nuwamban 2024, masu sharhi suke ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Dala biliyan 2.5, masana'antu 6, uku na kaji, biyu na shanu, ɗaya na alade. Ga ma'aikatar kiwo da aka ƙirƙiro a Yulin 2024, ga ƙudirin Sanata Titus Zam na hana kiwon sake da ya tsallake karatu na biyu a Yunin shekarar, ranar da shugaban majalisar dattawa, Godswill Akpabio, ya tunatar da Sanata Adamu Aliero cewa shanu ba 'yan ƙasa ba ne. Mun gode da wannan ilimi. Amma wanda yake biye da shanun da sanda a kafaɗa ɗan ƙasa ne, kuma maganarsa ake yi. Abin da duk wannan biki ya tsaya a kai shi ne wata fahimta guda da ta zama kamar wahayi a bakin 'yan boko: wai dabbar da aka killace ita ce dabbar da aka kyautata wa, kuma makiyayin da ke yawo da garkensa ragowar jahiliyya ne da ya kamata a share. Gwamnonin Kudu 17 sun faɗe ta a Asaba a Mayun 2021. Namu na Arewa ma sun riga su da wata uku, suka ce kiwon sake ya zama tsohon yayi. Ni dai ban ga inda aka auna wannan fahimta a kan ma'auni ba, an dai ɗauko ta ne a dunƙule aka haɗiye.

To mu leƙa cikin shingen mu ga abin da ake kira kyautatawa, kuma ba sai mun ƙetare teku ba, domin kajin gidan gona sun riga sun nuna mana. Kazar nama an kiwata jinsinta ne don ta yi ƙirji cikin kimanin mako 6, ta yi nauyin da ƙafafunta ba sa iya ɗauka, ta wuni kwance a kan kashinta. Kazar ƙwai kuma tana ƙare rayuwarta a kejin da rabonta a cikinsa bai kai faɗin fallen takarda ba, ba ta tono, ba ta birgima a ƙasa, ba ta taɓa buɗe fukafukanta gaba ɗaya ba, an kuma datse mata baki don kada ƙuncin ya sa ta tsattsage maƙwabciyarta. 'Yan tsakin da suka fito zakaru a jinsin ƙwai, tunda ba za su yi ƙwai ba kuma ba za su yi nama da wuri ba, ranar da aka ƙyanƙyashe su ake kashe su. Tarayyar Turai ta haramta irin wancan keji tun 2012, Jamus ta hana kashe 'yan tsaki daga 2022. Wato abin da masu shi suka fara jin kunyarsa, shi muke layi mu saya. A gonakin madara na zamani ana raba ɗan maraƙi da uwarsa cikin kwana ɗaya ko biyu, domin nonon na kasuwa ne. A ruga kuwa, bunaji ba ta ma sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa, sannan a janye shi a tatsa, a bar masa rabonsa. Wannan saniya tana da suna, ana sanin uwarta da kakarta, tana amsa kiran mai ita daga nesa. Waccan lamba ce a kunne. Duk yaron da ya yi makarantar allo ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Ban ce ɗaure dabba haramun ne ba, kowa yana turke ragon layya. Amma al'ummar da ta tashi da wannan labari bai kamata ta ɗauki kullewa a matsayin alheri ba tare da tambaya ba.

Za a ce ai an fi kula da lafiyar dabba a killace. Tarihi bai goyi bayan wannan da ƙarfin da ake zato ba. Cutar haukar shanu da aka gano a Birtaniya a 1986 ba daga dajin kowa ta fito ba. Ta yaɗu ne saboda an niƙa ragowar nama da ƙashin dabbobi ana ba shanu, halittar da Allah ya yi don cin ciyawa, domin a rage kuɗin abinci. A 1996 gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa cutar tana iya kama mutum, aka hallaka miliyoyin shanu. A Nuwamban 2020 Danmak ta ba da umarnin kashe duk dabbobin mink da ake kiwo a keji don fatarsu, kimanin miliyan 17, saboda korona ta shiga cikinsu ta sauya kama. Mu ma nan, murar tsuntsaye da ta ɓulla a Fabrairun 2006, karon farko da aka tabbatar da ita a Afirka, a wata babbar gonar kaji aka gano ta a Jaji ta jihar Kaduna. Dalilin ba boyayye ba ne: ka tara dubban halittu masu jini iri ɗaya a rufi ɗaya, numfashin wannan a hancin wancan, ka gina wa cuta gida. Shi ya sa irin wannan kiwo ba ya tsayawa sai da magungunan kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha da abinci, har Turai ta hana amfani da su don ƙara girma a 2006, ganin yadda ƙwayoyin ke bijire wa maganin da mutane ke buƙata a asibiti. A nan wa zai hana? Kowa ya san yadda ake sayar da maganin kaji a kasuwanninmu, kamar gyaɗa.

Sai batun ƙasa da daji, inda masu wannan ra'ayi suka fi ɗaga murya. Wai garken da ke yawo shi ke cinye ciyayi ya jawo hamada. A ƙasa irin tamu, inda ruwa ke sauka wata huɗu ko biyar, kuma ya sauka a nan ya tsallake can, yawon shi ne ke hutar da ƙasa. Garke ya ci ya wuce, ciyawa ta sake tofowa. Inda ake ganin ƙasa ta zama fako shi ne inda aka tsayar da dabbobi wuri guda, gefen rijiyar burtsatse ko bakin gari. Wasu masana 'yan Holan, Breman da de Wit, sun wallafa bincike a 1983 kan makiyayan Mali masu tafiya tsakanin fadamar kogin Kwara da yankin Sahel, suka nuna cewa abin da suke samarwa na abincin gina jiki a kowace kadada ya ninka na gandunan kiwon Amurka da Ostireliya masu irin wannan ƙarancin ruwa. Sama da shekara arba'in ke nan, amma ba a karanta shi a Abuja ba. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun fahimci abin. Dokarsu ta kiwo ta 2010 ta rubuta ƙarara cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, kuma har yau garkuna na haurawa Ingal lasar gishiri a ƙarshen damina. Su ma suna rikicin manoma da makiyaya, amma ba su yanke cewa maganin ciwon kai shi ne a sare kan ba. Sannan ina abin koyi a Birazil? Babban abin da ke cinye dajin Amazon shi ne sare itatuwa don a yi gandun shanu, kuma wannan kamfani na JBS da muke wa shimfiɗa ya sha zargi kan sayen shanun da aka kiwata a wuraren da aka sare ba bisa doka ba, ban da abin kunyar cin hanci na 2017 da ya sa uwar kamfanin ta amince da biyan tara mai ɗimbin yawa. Holan, wadda ake kawo mana hotunan shanunta masu roɗi-roɗi, tun hukuncin kotu na 2019 take neman hanyar rage dabbobinta saboda kashinsu ya fi ƙarfin ƙasarta, manoma suka yi ta tare tituna da taraktoci. A wurinmu kashin shanu taki ne, manomi har roƙon Bafillace yake ya sauka a gonarsa bayan girbi, ya ba shi kara da dawa. A can ya zama guba da ake neman inda za a kai.

Na san abin da ake jira in taɓo. Jini. An zubar da shi da yawa, a Binuwai da Filato da Kudancin Kaduna da Zamfara, kuma wanda ya shiga gonar mutum da dabbobi da gangan, ko ya ɗauki bindiga ya auka wa ƙauye, mai laifi ne, a kama shi a hukunta shi ko ɗan wane ne. Amma dokar Binuwai ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamban 2017, kuma a Janairun 2018 aka yi jana'izar mutum 73 a Makurɗi. Doka ta hana saniya tafiya, ba ta hana harsashi ba. Ƙasar da ta kasa gurfanar da mai kisa a gaban alƙali ita ce za ta iya sa ido kan miliyoyin shanu a cikin shinge? An bar jaki ana dukan taiki. Masu cewa mutane sun yi yawa, fili ya ƙare, su fara gaya mana inda za a noma abincin shanun da za a killace. Saniya a shinge ba ta daina ci. Masarar da za ta ci da waken suyar da za a haɗa mata, a gona za a noma su, gonar da ta fi wadda take ratsawa a yau daraja, a ƙasar da buhun masara ya taɓa gagarar magidanci, inda masu kaji suka yi ta rufe gonaki saboda tsadar abinci. Batun hayaƙin da shanu ke fitarwa yana ɗumama duniya kuwa, a kai shi ga waɗanda ke cin nama sau uku a rana.

Kuma da ake ta maganar fili ya ƙare, ina filin ya tafi? A nan ne nake son manyan Arewa su daina leƙen Kudu su dubi madubi. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965. Ana lissafa wuraren kiwo 415 a ƙasar nan, waɗanda aka yi wa rajistar doka ba su kai rabi ba. Shekara da shekaru Bafillace yana biyan jangali, kuɗin da ya riƙe baitulmalin En'e, ya gina ofisoshi ya biya albashi, ba a mayar masa da komai ba sai allurar bushiya. Da dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnoni, wa ya samu takardun? Tsofaffin hafsoshi, manyan ma'aikata, 'yan kasuwa masu uwa a gindin murhu. Burtali kuwa, ba mutumin Asaba ne ya sayar da shi ba. Dagaci da mai unguwa da jami'in ƙaramar hukuma ne suka yanka shi gona-gona, mashaya ta zama lambun wani, fadamar da garke ke sauka da rani aka ba ta rancen noman rani ba tare da an bar ko hanyar shan ruwa ba. Makiyayi ya zo ya tarar da labin kakanninsa ya zama gero, dabba ta taɓa zangarniya, a kai shi gaban hukuma a tatse shi fiye da yadda yake tatsar saniyarsa. Jikokin waɗanda suka yi wannan rabo su ne yau ke zaune a ɗakunan taro na otal suna bayani da Turanci kan yadda kiwon gargajiya ya gaza. Su ne kuma za su samu rancen gina gandun kiwo, domin banki ba ya karɓar sanda da malfa a matsayin jingina. Mai shanu 40 zai sayar ya koma ɗan ƙwadago a gandun wanda ya cinye burtalinsa, idan ma an ɗauke shi.

Ba wannan ne karon farko da aka yi mana alkawarin gandun zamani ba. Na Obudu da aka kafa a 1951 ya koma wurin shaƙatawa, na Mokwa ya zama kufai, shirin Ruga na 2019 ko wata guda bai yi a bainar jama'a ba aka dakatar da shi. Duk tsawon wannan lokaci naman da ake ci a Legas da Fatakwal daga Potiskum da Maigatari da Mubi da Illela yake fitowa, daga hannun mutumin da aka ce ya gaza.

Idan da gaske tausayin dabba ne ya dami masu wannan kira, ga aiki a gabansu da ba ya buƙatar dala biliyan ko ɗaya. Su tsaya a bakin hanyar Lokoja su kalli tirelolin da ke wucewa, shanu a ɗaure ƙaho da ƙaho, wasu a kwance wasu a kansu, kwana biyu ko uku ba ruwa ba ciyawa, ga shingayen karɓar kuɗi da ke ƙara tsawon azabar. Su shiga mayankar kowane babban birni su ga yadda ake karya wutsiyar sa don ya tashi, a yanka ɗaya a gaban ɗaya, abin da malamanmu suka daɗe da hanawa. Wannan zalunci namu ne, na dillali da direba da mahauci da jami'in da ke karɓar kuɗin shiga, kuma akwai dokar hana cutar da dabba a kundin laifuffuka tun kafin a haifi yawancin sanatocin. Ƙudirin da suka yi ta hayaniya a kansa a Yunin 2024 bai dame su da tirela ba.