BINCIKEN CIWON SUKARI: A FARA TAMBAYAR MAI CIWON

'Yan'uwa manoma, a dā mukan ce ciwon sukari ciwon masu kuɗi ne, na mutanen birni masu ƙiba. Yau da wuya a sami ƙungiyar manoma wadda ba ta da mutum ɗaya ko biyu da ke fama da yawan fitsari da dare, ƙishirwa marar ƙarewa, rama, ko gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa. Bisa ga ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021, manya miliyan 24 ne ke da ciwon a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, fiye da rabinsu kuwa ba su sani ba. Daga cikin dukan kuɗin da duniya ke kashewa a kan wannan ciwo, abin da aka kashe a yankin namu wajen kashi ɗaya ne kawai cikin ɗari.

Ra'ayinmu shi ne: a ƙara kuɗin binciken wannan ciwo, kuɗin kuma ya bi tambayoyin mai ciwon, ba tambayoyin mai bincike kaɗai ba. Bari mu faɗi dalilanmu.

ABIN DA GONA TA KOYA MANA

Mu manoma mun san wannan magana tun tuni. Shekaru da yawa malaman gona suna gaya mana mu daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Sai a wajen ƙarshen shekarun 1960 wani masani mai suna David Norman, na Jami'ar Ahmadu Bello, ya shiga ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, ya auna abin da manoma ke yi, ya tarar gaurayen shuka yana da riba, yana kuma kāre iyali a shekarar da ruwa ya ƙi. Ashe manomi yana da dalilinsa, ba a tambaye shi ba ne kawai. Irin da ya yi kyau a gonar gwaji ta Samaru, sai an gwada shi a gonar talaka kafin a san amfaninsa. Haka ma magani yake.

CIWON DA AKA SHARE DAGA LITTAFI

Littattafan likitoci sun fi sanin iri biyu. Iri na ɗaya yakan kama yara da samari, jikinsu ya daina yin insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka. Iri na biyu yakan zo wa manya, sau da yawa tare da ƙiba. Amma a 1955 wani likita, Philip Hugh-Jones, ya ga wasu marasa lafiya a Jamaika waɗanda ba su shiga ko ɗaya ba: matasa ne ramammu, 'ya'yan talakawa. Aka yi ta ganin irinsu a Indiya da Afirka, musamman waɗanda suka sha yunwa tun suna ƙanana. A 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ciwo cikin lissafinta, a 1999 kuma ta cire shi, wai babu isasshiyar shaida.

To, daga ina shaida za ta fito in ba wanda ya biya kuɗin nemanta? Masu ciwon suna ƙauye, ba su da murya. Sai a 2022 Dokta Meredith Hawkins ta Amurka da likitocin Vellore a Indiya suka nuna cewa jikin waɗannan mutane ba ya yin isasshen insulin, ciwonsu kuma dabam yake da sauran biyun. A watan Afrilu 2025, a taron Bangkok, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da shi, ta kira shi iri na biyar, ta kuma ƙiyasta mutum miliyan 20 zuwa 25 ke da shi. Shekara 70 ke nan tun ranar da aka fara ganinsa.

Wannan ba gardamar suna ba ce. Idan aka ɗauki irin wannan saurayi a matsayin mai iri na ɗaya, aka ɗora masa allura mai yawa, ga shi kuwa abinci bai ishe shi ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa har ya suma, ko ya mutu. A 2025 kuma wani bincike da aka yi a Kamaru da Uganda da Afirka ta Kudu ya auna jinin yara da matasa kusan 900 da aka ce suna da iri na ɗaya, aka tarar kusan biyu cikin uku ba su da alamun da ake samu a jinin yaran Turai. Ma'aunin da aka yanka domin wani ba lalle ya dace da mu ba.

TAMBAYA DAGA BUKKA

Ga misalin abin da ke faruwa sa'ad da aka saurari mai ciwo. An daɗe ana cewa insulin ba ta zama sai a firiji, ko inda zafi bai wuce awo 25 ba. Saboda wannan, a sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, akwai masu tafiya asibiti sau biyu kowace rana domin allura. Likitocin MSF da Jami'ar Jeniba suka auna zafin ɗakunan sansanin, suka ga yana hawa zuwa 37 da rana, ya sauka zuwa 25 da dare. Suka gwada maganin cikin irin wannan hali, a 2021 suka sanar cewa kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu. Binciken bai ƙirƙiro sabon magani ba, amma ya mayar wa mutane kwanakin aikinsu.

Sai dai a lura: zafi mai tsanani wanda ba ya sauka yana lalata insulin, mu kuwa a watan Afrilu mukan wuce awo 40. A nan ne tukunyar ƙasa ke da amfani. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi suna da tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, domin ajiye kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A 2016 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a Khartum, wanda ya nuna tukwanen ƙasa suna rage zafin da ke kai wa insulin. Irin binciken da muke roƙo ke nan: mai araha, wanda maginin tukwane na garinmu ma yana da hannu a ciki.

WANI ZAI CE

Wani zai ce kuɗi kaɗan ne, zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da haihuwa sun fi gaggawa. Gaskiya ne suna kashe mu, ba mu ce a rage musu ko kwabo ba. Amma mai ciwon sukari ya fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka wajen sau biyu ko uku, mace mai ciki kuma da sukarinta ya hau tana cikin hatsari, ita da jaririn. Manomin da aka yanke wa ƙafa kuwa, gidansa duka ne ya gurgunce.

Wani kuma zai ce a bar masana su yi aikinsu, me manomi ya sani? Ba mu raina ɗakin gwaji ba. Can ne Banting da Best suka samo insulin a Toronto a 1921, a Janairu 1922 kuma aka ceci yaro na fari da ita. Amma bayan shekara ɗari har yanzu akwai yaran da ke mutuwa domin ba ta kai ƙauyensu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A Ingila ma, tun 2004 wata ƙungiya mai suna James Lind Alliance ke zaunar da marasa lafiya da likitoci wuri ɗaya su zaɓi tambayoyi goma da suka fi bukatar amsa.

Da za a tambaye mu, ga namu. Wanne ya fi ɗaga sukari, tuwon masara, na dawa, na gero, ko acca, kuma malmala nawa? Yaya mai shan magani zai yi a lokacin noma, cikin Yuli da Agusta, sa'ad da aiki ya yi yawa rumbu kuma ya yi ƙasa? Wane irin takalmi ne zai kāre ƙafar da ta daina jin ƙaya? Sassaƙe da ganyayen da ake sayar mana a kasuwa, wanne ke taimako, wanne ke ɓata ƙoda?

INA KUƊIN ZAI FITO?

Alkawari dai an riga an yi. Tun 1990 wani kwamitin duniya ya ba da shawara kowace ƙasa ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin lafiyarta domin bincike, ministoci kuma suka sake nanata haka a Bamako a 2008. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yarda za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, gwamnatin tarayyar Nijeriya kuwa ba ta taɓa kaiwa ba. A 2022 aka fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari. Muna ganin daidai ne a keɓe wani rabo daga wannan haraji domin gwaji da bincike a ƙauyuka. Wanda ya biya kuɗin bincike shi ke zaɓen tambaya. In mun jira baƙi kaɗai, tambayarsu za a amsa.

NAMU AIKIN

1. Kowace ƙungiya ta shirya da ma'aikacin lafiya na kusa a auna sukari da hawan jini na membobi sau ɗaya a shekara, bayan girbi.

2. Sakatare ya rubuta tambayoyin masu ciwon, ba tare da sunayensu ba, a kai wa asibiti da wakilanmu na majalisa.

3. In masu bincike sun zo, mu karɓe su, amma mu tambaya: mene ne nufin aikin, wa ya ba da izini, wa zai ɗauki nauyi in abu ya faru, yaushe za su dawo su gaya mana abin da suka samu? Ba mu manta da gwajin maganin sanƙarau na Kano a 1996 ba. Kada kowa ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa cikin harshen da yake ji ba.

4. Kada mai ciwo ya bar maganinsa ko ya rage shi saboda abin da ya karanta a nan. Ya je ya yi shawara da likita.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taronsu na wata mai zuwa, su ba masu ciwon dama su fara magana.