Rumfar haya ko rumfar kanmu?

Jama'a, duk lokacin da muka aika kuɗin gyaɗa daga Sae Sabuwa zuwa Maraɗi ta waya, wata babbar kwamfuta ce da ake kira saba ke riƙe lissafin. Manhajar da ke tafiyar da ita galibi iri biyu ce.

Windows Server ta kamfanin Microsoft kamar rumfar haya take: sai an biya lasisi, kuma mai rumfa ke sa ranar tashi. A watan Oktoba na 2023 kamfanin ya daina kula da ta 2012, sai ga wanda ya ƙara biya. Linux kuwa, wadda ɗalibi Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991, kowa na iya ɗauka kyauta, ya gyara yadda yake so. A kanta aka gina Android ta wayoyinmu. Sai dai rumfar kanka, kai ke yi mata jinka. Dole a samu ƙwararre a kusa.

Don haka in hukumar gari za ta sayi saba da harajin kasuwa, muna kira ta zaɓi Linux. Kuɗin lasisi a biya yaranmu da suka fito Jami'ar Maraɗi su kula da ita, arzikinmu ya tsaya gida. Allah ya sa mu dace.