Motar tsere da ta taɓa hatsari: arahar da ke cikinta ta kai a yi kasadar?



Maganar yau ta fi shafar matasanmu da Allah ya fara buɗa wa a nan Legas, masu canji, masu harkar waya, da 'yan kasuwar Mile 12 da Alaba Rago. Kwanakin nan hotunan motocin tsere sun cika zaurukanmu na WhatsApp, su Ford Mustang, Chevrolet Camaro da Dodge Challenger. Motoci ne masu ƙofa biyu, masu ƙarar da ke tayar da unguwa, ga farashi ƙasa da abin da mutum yake tsammani. Idan ka tambayi dalilin arahar sai dillali ya ce ai "ɗan bugu ne kaɗan a gaba, an gyara". Irin su ne 'yan kasuwar nan ke kira aksidented.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, ga mafi yawanmu wannan ciniki bai kai a yi kasadarsa ba. Amma ba zan ce duk motar da ta taɓa hatsari mushe ce ba, don in na faɗi haka na yi ƙarya, kuma masu sana'ar mota a cikinmu za su fara yi mini dariya.

Mu fara da inda motocin suke fitowa. Yawancinsu daga Amurka ne. Idan mota ta yi hatsari a can, kamfanin inshora yana lissafa kuɗin gyara ya gwada da darajar motar. In gyaran ya kusa cinye darajarta, sai ya biya mai ita, ya karɓe motar, a canza mata takarda zuwa wadda ke nuna cewa inshora ta sallama ta. Daga nan sai filin gwanjo, kuma manyan kamfanonin gwanjon su ne Copart da IAA. Can 'yan Najeriya ke taya, a ɗoro ta jirgin ruwa, ta sauka a Tin Can ko Apapa, ta wuce gareji, a yi mata fenti, sai ka gan ta tana walƙiya a Berger ko a bakin titi.

To a nan ne masu goyon bayan sayen suke da hujja, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ladan bakanike a Amurka yana da tsada ƙwarai, ana lissafa shi ne da awa. Don haka akwai motar da bamba, fitila da murfin inji kawai suka lalace, amma inshora ta ga gyaran bai biya ta ba. Irin wannan in ta zo nan, mai bugun mota da mai fenti za su mayar da ita daidai da kuɗi kaɗan. Corolla da Camry da yawa da ke yawo a titunan Legas haka suka shigo, kuma suna yi wa masu su aiki shekara da shekaru. Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Sai dai motar tsere ba Corolla ba ce, kuma bambancin yana cikin abin da aka ƙera ta don shi. Mustang GT injinta mai silinda 8 ne, lita 5, tana iya kaiwa wajen kilomita 250 a awa. Wanda ya saye ta a Amurka ba don kai yara makaranta ya saya ba. Saboda haka in ka ga irin wannan mota a filin gwanjo, da wuya a ce a layin shan mai aka goge ta. Sau da yawa a guje take lokacin da abin ya faru. Kuma ƙarfin bugu ba ya tafiya kai ɗaya da gudu: in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun ninkawa yake sau huɗu. Bugun da ya samu mota tana kilomita 120 ba ya tsayawa a bamba, yana ratsawa har ƙashin motar.

Wannan ƙashin, wato shasi, shi ne zuciyar maganar. Motocin zamani an ƙera gabansu da bayansu ne don su murƙushe a hankali lokacin karo, su shanye bugun kafin ya iso wurin da mutane ke zaune. Aiki ne na sau ɗaya. Ƙarfen da ya riga ya lanƙwashe ya gama nasa. Yadda ake yi a mafi yawan garejinmu kuwa kowa ya sani: a ɗaura sarƙa, a ja, a hura wa ƙarfen wuta har ya yi ja, a buga da guduma, a cike ramukan da filla, a fesa fenti. Ido zai ga mota sumul. Amma ƙarfen da ake sa wa a ginshiƙan motocin yanzu na musamman ne, wuta tana kashe masa ƙarfi, shi ya sa kamfanonin da ke ƙera su suke hana a miƙar da shi da wuta, sai dai a cire ɓangaren a sa sabo. Ba raina masu bugun motarmu nake ba, akwai gwanaye a cikinsu da hannunsu ke abin mamaki. Kayan aikin auna shasi ne ba kowane gareji ke da su ba, kuma mai sayarwa ba ya son kashe kuɗin da zai cinye ribarsa a wurin da mai saye ba zai gani ba.

Alamun sukan fito daga baya. Mota tana ja gefe ɗaya, taya tana cinyewa ta ciki, an kai ta saitin ƙafa sau uku ta ƙi zama, sitiyari yana rawa da an wuce kilomita 100. A motar da ake lallaɓawa cikin cunkoson Oshodi wannan ciwon kai ne kawai. A motar da saurayi zai taka a gadar Third Mainland da tsakar dare, ko a hanyar Legas zuwa Ibadan, magana ce ta rai. Kada mu yaudari kanmu, ba wanda ke sayen Camaro don ya riƙa bin ƙa'idar kilomita 100 da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sa wa ƙananan motoci a babbar hanya.

Sai jakar iska, wadda ke fashewa daga sitiyari da gaban fasinja ta tare mutum. Ita ma sau ɗaya take aiki, haka na'urar da ke ɗaure bel da ƙarfi lokacin karo. Maye gurbinsu da na gaske yana da tsada, don haka marasa tsoron Allah sun samo dabara. A liƙe murfin sitiyari babu komai a ciki, a sa ɗan ƙaramin abu a waya da zai ruɗi kwamfutar motar ta ɗauka jakar na nan, ko a kashe fitilar gargaɗin gaba ɗaya. Gwaji mai sauƙi shi ne, in ka murɗa makulli, fitilar jakar iska ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. In ba ta kama ko kaɗan ba, an taɓa ta. Amma ko ta kama ta mutu, wannan bai isa shaida ba, sai rewaya mai na'urar bincike ya duba, kuma ya zama naka ne, ba na mai sayarwa ba.

Akwai kuma wadda ta fi duka haɗari domin ba ta da tabo ko ɗaya, wato motar ambaliya. Guguwar Harvey ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Houston a 2017, guguwar Ian ta yi irin haka a Florida a 2022, kuma ruwan da ya shiga da yawansu a Florida na teku ne mai gishiri. Irin waɗannan motoci gwanjo suke tafiya, daga can su bazu duniya. Jiki lafiya lau, kujeru an wanke, amma gishiri yana cikin wayoyi yana ci a hankali. Bayan wata biyar ko shida sai gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi mota ta mutu a tsakiyar titi ba dalili. Motar tsere cike take da na'urori masu kula da birki da santsi, duk a kan waɗannan wayoyi suke. In ka ɗaga kafet ka ga tsatsa a ƙusoshin kujera, ko busasshen laka a ramin safaya, ko ka ji an cika mota da turare fiye da kima, ka yi sallama ka tafi.

Yanzu mu zo kan arahar kanta, don a nan ne lissafin mutane da yawa ke karyewa. Kuɗin da ka gani a shafin gwanjo somin taɓi ne. Akwai kuɗin kamfanin gwanjo, ladan wanda ya taya maka, kuɗin ɗauko ta daga fili zuwa tashar jirgi, kuɗin jirgi, kuɗin fito na kwastan, ladan ejan, da kuɗin ajiya in ta kwana a tasha fiye da ƙa'ida. Motar da ba ta tashi ta fi tsadar ɗauka. Kusan duk wannan da dala ake lissafa shi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Mota tana shafe makonni a kan ruwa, kuma kwastan da farashin ranar fito take aiki, ba na ranar da ka taya ba. Tsohuwar hanyar Kwatano ma ba kamar da ba, tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa.

Bayan ta iso sai kayan gyara. Fitilar Corolla, ka shiga Ladipo da safe, kafin azahar ka fito da ita, har ka zaɓa. Fitilar Challenger ko lagireton Camaro kuwa, in ba ka yi sa'a ba sai an yi oda, mota tana gareji tana shan ƙura, kai kana hawan Bolt. Ƙari a kan haka, an daina ƙera Camaro da Challenger ɗin da muka sani tun ƙarshen 2023. Ga shan mai, tun bayan cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san abin da cika tanki yake nufi, balle inji mai silinda 8. Da yawan irin waɗannan injuna ma fetur mai daraja ta sama aka tsara musu, mu kuwa a gidajen manmu iri ɗaya ake sayarwa. Ga ƙasa-ƙasa da suke, kowane tudun rage gudu sai ya daki cikinta, in damina ta sauka a Lekki ko Agege sai dai a ajiye ta. Mai niyyar tafiya gida da ita da Sallah, ya tuna hanyar Jebba zuwa Mokwa da tirelolin da ke kanta.

Inshorar da yawancinmu ke yi, ta naira 15,000, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan taka motar. In kuma ka gaji ka ce za ka sayar, masu neman mota mai ƙofa biyu ba su da yawa, kuma wanda ya zo zai duba tarihinta a waya, ya taya ka da farashin da zai ɓata maka rai. Camry ko yau ka sa ta kasuwa kuɗi ce. Wannan kuwa jarinka ne ka daskarar, alhali kasuwa juyawa take so.

Wa ya dace ya saya ke nan? A ganina mutum iri ɗaya ne: wanda ya ga motar kafin a taɓa ta, yana da bakanike amintacce, kuma kuɗin da zai zuba rara ne, ba jari ba, ba adashi ba, ba bashi ba. Shi zai iya zaɓar wadda bugunta na baya ne ko na gefe mara zurfi, jakar iska ba ta fashe ba, ruwa bai shige ta ba, ya tsaya a kan gyaran da kansa. Ko shi ma ya sani cewa rubutun da ake sa wa a gwanjo cewa mota tana tashi tana tafiya, ma'anarsa kawai ta tashi ta ɗan motsa lokacin da aka kawo ta filin. Ba alkawari ba ne a kan inji ko giya. Wanda zai sayi wadda aka riga aka gyara aka fente kuwa, maganar dillali kawai yake saye.

'Yan uwanmu masu sayar da mota, ku ma maganar ta shafe ku. Sayar da mota mai tabo ba laifi ba ne in an bayyana tabon, an nuna hotunan asali, an rage farashi daidai da haka. Ɓoye aibi ne matsalar, kuma a irin wannan mota aibin da aka ɓoye yana iya zama ajalin ɗan wani. Ƙananan rigingimun ciniki da ake kawowa gaban shugabanni a sasanta sun ishe mu, kada mu kai ga wadda sulhu ba ya gyarawa.

Duk wanda ya ga lallai sai ya saya, kafin ya ba da ko kafin alkalami ya karɓi lambar shasi. Haruffa da lambobi ne guda 17, ana ganinsu ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ya tabbatar na wuraren biyu sun yi daidai da na takardun kwastan. Ya rubuta ta a Google, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo za su fito yadda take kafin fenti. Ya biya a ciro masa rahoton Carfax, ya gwada yawan tafiyar da aka rubuta a can da wadda agogon motar ke nunawa yanzu. Sannan a ɗaga motar sama a garejin da shi ya zaɓa, a duba cikinta da fitila. Dillalin da ya hana ka lambar, ko ya ce sai ka ajiye wani abu kafin a kai ta gareji, kada ka tsaya jayayya da shi, ka bar masa motarsa.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya