Tocilar Haɗin Gida da Zafin da ke Cin Ta a Ɓoye

Tun daga lokacin da wutar lantarkin da Nijar ke saye daga Najeriya ta yanke a watan Agusta na 2023, har aka shafe watanni mutane na kwana cikin duhu, sana'ar samarin nan masu haɗa tocila da hannunsu ta ƙara daraja a idona. Domin mai ban ruwan lambu a Dallol Mawri, da mai gadi a Dogon Dutsi, da makiyayin da ke tsoron kububuwa a dajin Matankari, kowannensu yana bukatar haske mai cin dogon zango, wanda tocilar kanti mai araha ba ta iya bayarwa. Ina yaba wa samarin ƙwarai. Amma akwai aibi guda da ya kamata a faɗa musu da babbar murya, shi ne sakacin da suke yi da al'amarin zafi.

Ƙwan LED, wanda masana uku 'yan asalin Japan suka sami lambar Nobel a 2014 saboda gano launinsa shuɗi, ya sha bamban da tsohon ƙwan fitila ta wata fuska mai muhimmanci: tsohon yana watsa akasarin zafinsa waje tare da haskensa, shi kuwa wannan, alhali kashi mai yawa na wutar da yake sha zafi yake zama, yana tara shi ne a ɗan wurin da bai kai ƙwayar gero biyu ba, kuma ba shi da mafita sai ta bayansa. Idan aka liƙa shi a jikin katako ko roba, kamar yadda ake yi da ƙananan fitilun nan masu faifan CD, alhali ana ɗura masa wutar batirin litiyam da aka ciro daga tsohuwar kwamfuta, to haskensa zai dusashe tun yana kunne, launinsa ya jirkice, ajalinsa ya matso, batirin ma, wanda ba ya son zafin da ya haura digiri 60, ya shiga hatsari. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, iskar da ake fatan ta sanyaya shi ita kanta da ɗumi take zuwa.

Maganin kuwa yana hannunmu. In ban da azurfa, jan ƙarfe ya fi kowane ƙarfen kasuwa saurin jan zafi, sanholo na bin bayansa da sama da rabin ƙarfinsa, ga shi da sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi, baƙin ƙarfe kuwa yana can nesa da su. Masu zubin tukwanen sanholo, waɗanda hikimarsu ta kai su narkar da tarkace su fitar da tukunya, ludayi da murfi, ba zai gagare su ba su zuba kan tocila mai kauri da haƙarƙari a jikinsa, yadda iska za ta riƙa ratsawa tana kwashe zafin, muddin masu haɗin suka kai musu siffar da suke so. Sai a goge mazaunin ƙwan ya yi sumul, a shafa ɗan man nan da masu gyaran kwamfuta ke shafawa, a ɗaure da kusa mai ƙwari, kana a rage wutar da ake ba shi, tunda ido da kyar yake lura da ragin, ƙwan kuwa yana samun sauƙi mai yawa. Farfela ba na ba da shawararta, saboda ƙurar hunturu za ta toshe ta, ga cin batir.

Abin da ya fi damuna shi ne haƙƙin mai saye, wanda ke auna tocila da hasken minti ɗaya a gaban teburi. Malamanmu da ke karantar da Risala ta Ibn Abi Zaid sun san cewa ɓoye aibin haja haramun ne a ciniki, kuma tocilar da mai ita ya san za ta ƙone kafin damina ta faɗi tana da aibi, ko da haskenta ya kashe ido. Saboda haka, wanda ya je saye a kasuwar Tibiri ko ta Kore Mairuwa, ya nemi a kunna masa ita kwatan awa, sannan ya taɓa kanta: in ya ji ƙarfen ya yi ɗumi, zafin yana fita ke nan, in kuwa ya ji ta sanyi ƙalau alhali tana ta sheƙa haske, zafin yana can ciki, ya ajiye ta ya duba wata.