Taron fasaha na ƙungiyoyi: a kawo shi Mokolo

Duk lokacin da ƙungiyoyin agaji suka tashi shirya taro kan fasahar zamani, Yawunde ko Duwala suke zaɓa, wani lokaci Garwa, wai saboda wuta da intanet. Ni a ganina wannan dalilin ne ma ya kamata ya kawo taron Mokolo. Wanda zai koya mana aiki da waya, to ya zo ya ga yadda wuta ke ɗaukewa idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, ya gwada sabis ɗin MTN da Orange a ƙauyukan kan duwatsu.

Sannan a rage ajanda. Matsalar da na fi sani a aji ita ce takardar haihuwa: yaro ya kai ajin ƙarshe na firamare ba shi da ita, jarrabawar CEP ta wuce shi. Hukumar BUNEC na ƙoƙarin mayar da rajista cikin kwamfuta, amma wa zai kai labarin ga uwa a Koza ko Mogode? Wannan kaɗai ya isa ya cika yini guda.

Ga kuma sansanin Minawao, da ke karɓar 'yan gudun hijirar Najeriya tun 2013. Ana ɗaukar sunayensu da hoton yatsu. Taron ya tambaya wa ke riƙe da bayanan, wa kuma ake bai wa.

In da Faransanci zalla za a yi, gara a bari. A nemo masu fassara zuwa Mafa, Fulatanci da Hausa, a sa kuɗinsu a kasafi kafin na abinci.